Kajiji a Gindin Kasko: Turaren Wuta a Zangon Kumasi

Mai sayen turare a kasuwar Kejetia yakan buɗe kwalba, ya shinshina, ya yanke hukunci nan take. Wannan awo ya dace da turaren feshi, amma zalunci ne ga turaren wuta, wanda matan zango, daga Krofrom zuwa Aboabo da Asawase, ba sa kai amarya ɗaki sai da shi. Turaren wuta hawa-hawa yake fitar da halinsa. Da an barbaɗa shi a garwashi, abin da ke fara tashi shi ne zaƙin sukarin da aka soya itacen da shi, da kaifin madarar turaren da aka jiƙa shi a ciki, kuma wannan na ’yan mintoci ne. Sai itacen ya ɗau zafi sandal ke sakin ƙamshinsa mai laushi, farce kuma, wato murfin dodon koɗin teku da ake wankewa a soya a daka, ya riƙe sauran kayan kada su bi hayaƙi su gudu. Na ƙarshe shi ne kajiji, saiwar ciyawar fadama mai ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Shi ake tararwa a jikin zane kwana biyu bayan an sauke shi daga kabbasa, kuma da shi ya kamata a auna gwanintar mai haɗi.

Akwai masu cewa wannan ƙamshi aro ne, ba na Bahaushe ba. Hujjarsu tana da ƙarfi: sandal daga Indiya yake, itacen ud daga Assam da Kambodiya, humra ta biyo ta Sudan da Chadi da Borno, ko turaren Bintu Sudan da kakanninmu suka sani kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya ƙirƙiro ta a 1920. To amma zangon kansa hanya ce ta haife shi. Fataken da ke ɗauko kanwa da fata da tufafi daga ƙasar Hausa su koma da goron Gwanja su ne suka watse bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, wasunsu suka sauka Kumasi bayan Turawan Ingila sun shige ta a 1896. Mutanen da gidansu fatauci ne ba za a tuhume su don kayan kaskonsu sun zo daga nesa ba. Nasu shi ne awon haɗin, da haƙurin barinsa makonni a rufe ya tsumu, da gindin da suka kafa shi a kai: kajiji da jema da jibda duk na ƙasashenmu ne. A Kumasi ma turaren ya sami aikin da ya fi na Kano, domin Kumasi gari ne mai damina biyu da danshi, inda shadda kan yi warin ajiya a akwati, hayaƙi kuwa yana ratsa zare ya kore shi.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma gaskiya ce: hayaƙi a ƙaramin ɗakin gidan haya yana cutar da mai asma da jariri. Wannan ba ya neman gardama. A turara ɗaki babu kowa a ciki, a buɗe taga kafin a shigo da jinjiri.

Abin da ya fi barazana ga sana’ar yana cikin kwalbar ne. Ud ba ya samuwa sai itacen ya kamu da cuta ya yi shekaru yana tara baƙin ƙaro, kuma saran da aka yi masa ya sa tun 1995 aka saka babban nau’insa ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikinsa. Sandal na asali ma ya yi tsada. Saboda haka ake jiƙa kowane irin ɓarzajjen itace da madara mai arha, ya bugi hanci da ƙarfi, kafin garwashi ya yi toka ya mutu. Irin wannan shi ke cin kasuwa wurin mai shinshinar kwalba, macen da ta soya farcenta ta daka kajijinta kuma a ce ta cika tsada. Uwar amarya, kafin ki biya, ki nemi ɗan kaɗan ki turara mayafi, ki ninke shi, ki duba shi jibi.