Jinjina ga Masu Haɗa Sauti

Waƙar da ke tashi daga wayar ɗan dako a kasuwar Dandume, ana tsaka da lodin masara, ta bi ta hannun wani da ba kasafai ake ambaton sunansa ba: mai haɗa sauti a situdiyo, galibi a Zoo Road ta Kano. Shi nake yi wa jinjina.

Kunne ne jarinsa, Cubase da FL Studio kayan aiki ne kawai. Gwani kan fara da muryar mawaƙi, ya yanke gurnanin da ke ƙasa da Hz 80, sannan ya nema wa kowane kiɗa mazauni. A nan ake gane ƙwararre. Kalangu magana yake yi, don haka shi da murya kan yi rububin wuri ɗaya. Sai gwani ya sassauta kalangu daidai inda baiti ke fita, ya sake shi idan an zo amshi. Abin da makaɗan Mamman Shata, mazaunin Funtua da ya rasu a 1999, ke yi da hannu ke nan, yau ya koma kan allon kwamfuta.

Na fi girmama wanda ya ɗauki Auto-Tune, wato abin gyaran murya, kamar gishirin miya, domin in ya yi yawa yakan dagula kalmomi har mai sauraro ya kasa tsintar baiti.

Kafin gwani ya saki aiki, yakan saurare shi a ƙaramar sifikar waya, domin da ita manomi zai ji shi a gona. Idan baiti bai fito tangaram ba, sai ya koma ya sake zama.