Kitabul Farƙi da masu karanta rabinsa

 Ƴan uwa, a watan da ya wuce ne muka sauke Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a karatunmu na bayan Magariba. Ɗan ƙaramin littafi ne, ɗalibi mai himma zai gama shi a zama ɗaya. Amma mu sai da ya ci mana makonni, domin da wuya malam ya fassara sadara biyu wani bai ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta malam, ai wannan da mu ake" ba.

Dalilin da ya sa muka ɗauko shi, wani saƙon murya ne da ya yi ta yawo a wayoyin matasanmu. Mai maganar ya haɗa banki da lakol da aikin gwamnati ya zuba su a kwando ɗaya, ya ce duk tarko ne, mumini ya nisance su, kuma ya kafa hujja da wannan littafi. Da a waya abin ya tsaya da ba mu tanka ba. To sai ga magidanta biyu cikin jama'armu sun ce in an koma lakol a watan Oktoba ƴaƴansu ba za su koma ba. Shi ya sa muka ce a kawo littafin a buɗe, kowa ya ji da kunnensa.

Tun farko mu faɗi gaskiya, wanda ya daina yarda da waɗannan wurare ba mahaukaci ba ne. Dattawanmu ba su manta rushewar bankin BDRN a 1990 ba. Ba su manta watan Janairu na 1994 ba, da aka kwana aka tashi sefa ta zubar da rabin darajarta, ba wanda ya shawarci mai sayar da goro ko mai kiwon awaki. Bayan juyin mulkin 2023 da aka ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, mun ga mutum ya wuni a layi don ya karɓi kuɗinsa na kansa, a ba shi ɗan abin da ya samu. Batun lakol kuwa, mu a nan Maraɗi ba sai an ba mu labari ba. A watan Nuwamba na 2021 wuta ta kama azuzuwan zana, yara fiye da 20 suka rasu, ƙanana ƴan ajin farko, waɗanda iyayensu suka yi musu wanka da safe suka ce su je su yi karatu. Kafin nan, a watan Afrilu na wannan shekara, an yi irin haka a Yamai. Uwar da ta rasa ɗanta a irin wannan wuta, in ta ce ba ta ƙara kai ƙaninsa, wane ne a cikinmu zai iya duban idonta ya ce ta yi kuskure? Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

To amma mu koma ga littafin, mu ga yadda Shehu ya yi da nasa rashin yardar. Abin da ya fi burge mu shi ne bai yi kuɗin goro ba. Kowane zalunci ya kira shi da sunansa, har yakan bar Larabci ya rubuta kalmar Hausa yadda talaka ya san ta. Ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla. Ya ambaci gaisuwa, wato abin da ake kai wa mai iko kafin a ga fuskarsa. Ya ambaci kamuwa, wato a kama dabbar mutum ba da izininsa ba a yi wa sarki dako da ita, da tawasa da ake karɓa wurin mahauta, da cinye dukiyar wanda ya mutu da sunan gado. Wanda ya rubuta wannan ya san kasuwa, ya san ƙofar fada, ya san hannun da ke karɓa da aljihun da abin ke shiga. Da za a kira shi gaban alƙali a ce kawo shaida, zai kawo.

Nan ne mai saƙon muryar ya tsaya. Littafin kuwa bai tsaya nan ba. Sashensa na biyu duk maganar gina hukuma ce. Shehu ya kawo ginshiƙai biyar na mulki: kada a ba wanda ya nema, a riƙa shawara, a bar tsanani, a yi adalci, a kyautata. Ya kawo ma'aikata huɗu da mulki ba ya tsayuwa sai da su, waziri mai gaskiya da alƙali da shugaban masu tsaro da mai karɓar haraji. Sannan ya bi baitulmali, ya faɗi ƙofofin da dukiya ke shigowa da inda ya kamata ta tafi. Ashe mutumin da ake cewa ya hore mu da gudun hukuma, shi ne ya zauna yana tsara wa za a naɗa, me zai karɓa, ina zai kai. A rayuwarsa ma haka ya yi. Da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu ya je, ya ƙi karɓar dukiyar, ya roƙi abubuwa a madadinta, ciki har da a saki fursunoni kuma a sassauta wa talakawa haraji. Da ya ce fada ƙazanta ce ba zai taka ba, wa zai yi wa waɗannan fursunoni magana?

Wannan ba ya nufin littafin ba shi da inda za a yi masa tambaya, kuma ɗalibi ya kamata ya saba da yi wa littafi tambaya cikin ladabi. Rubutu ne na lokacin rikici, bakin ɓangare ɗaya muke ji. Mu da muke zaune tsakanin Maraɗi da Tsibiri mun san haka fiye da kowa, tunda garuruwan nan Katsinawa da Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya ne suka kafa su, kuma jikokinsu ne ke cika sahu a masallacin nan. Hukuncin da ya yanke wa sarakunan zamaninsa ba riga ba ce da kowane yaro zai ɗauka ya jefa wa wanda ya ga dama. Sa'an nan littafin ya faɗi siffar ma'aikaci nagari, amma bai tsaya a kan abin da za a yi in nagarin ya lalace bayan an naɗa shi ba. Tarihi kuwa ya nuna wurin nan ne gizo ke saƙar. Ƙaninsa Malam Abdullahi, tun ana tsakiyar jihadi, ya ga son duniya ya shiga jama'a har ya bar su ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Jangalin ma da aka soka ya dawo a ƙasashen da suka karɓi tuta, Turawa suka tarar da shi suka ci gaba da karɓa.

Banki da lakol irin na yau ba su cikin littafin, kada wani ya ɗora wa Shehu abin da bai faɗa ba. Abin da za mu ɗauka wurinsa shi ne hanyar. Riba haramun ce, ba mu da ja. To wace hulɗa ce riba? Bashi da ruwa riba ne. Ajiyar da ba a ƙara maka komai, da aika kuɗi ga ɗanka mai karatu, da karɓar albashi, malamai suna da bayani a kansu daban. Bankin da ya ce shi na Musulunci ne ma ba a sa masa hannu don suna. In ya ce murabaha yake yi, wato ya sayi kaya ya sayar maka da ribar ciniki sananniya, a tambaya: ya mallaki kayan kafin ya sayar? In an yi jinkirin biya me zai faru? A kawo takardar malam ya duba. Kuma ƴan uwa masu cewa tukunya ta fi banki, ku tuna faɗuwar sefa ta 1994 ba ta tsallake kuɗin ƙarƙashin katifa ba, kuma ƴan kasuwarmu masu tara naira a gida sun sha wuya a farkon 2023 da Najeriya ta canja takardun kuɗinta.

Lakol kuma, laifinta sananne ne: aji cike, mushe ɗan kwantiragi da albashinsa ke makara, yajin aiki, yaro ya shekara uku bai iya haɗa baƙi ba. Duk waɗannan suna da suna, kuma suna da ƙofar da ake bugawa. Kowace lakol tana da kwamitin iyayen yara, mu nawa ne muka taɓa zuwa taronsa? Tun 1957 aka buɗe madarasar Say mai haɗa Larabci da Faransanci, yau ga irinta a garuruwa da dama ga wanda ke tsoron tarbiyya. Yaron da aka cire ba a ba shi wani abu ba, gobe shi ne zai dangwala yatsa a takardar da ba ya iya karantawa. Kuma mu da kanmu muke neman likita mace in matanmu za su haihu. Daga ina za ta fito?

Akwai abin da ya faru a daren da muka karanta babin baitulmali, wanda ba za mu ɓoye ba. Wani ɗalibi ya tambaya, cikin ladabi, nawa ne ke shiga asusun masallacin nan ranar Juma'a, kuma ina suke tafiya. Aka yi tsit. Ba mu zargin kowa, ma'ajinmu dattijo ne da kowa ya shaida. Amma amsar da aka bayar ita ce "ai amana ce", kuma wallahi irin amsar da muke jin haushi ke nan in wani ofis ya ba mu ita. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba.

Kwamiti ya zauna a kan wannan. Daga wata mai kamawa za a riƙa ƙirga kuɗin Juma'a gaban mutum uku, a rubuta a littafi, a manna lissafin shiga da fita a jikin allon sanarwa ƙarshen kowane wata. Shi ma'aji shi ya fara cewa a yi, ya ce dama abin ya daɗe yana masa nauyi. Magidantan nan biyu kuma an wakilta liman da mutum biyu su same su a gida kafin a koma lakol, su tafi da littafin, a karanta musu daga inda saƙon muryar ya tsaya.