Babin da Ya Ɓata: Tsokaci a Kan Binyavanga Wainaina

An haifi Binyavanga Wainaina a Nakuru ta ƙasar Kenya a 1971, ya rasu a Nairobi a 2019. An fi saninsa da lambar Caine da ya ci a 2002, da kuma maƙalarsa ta 2005 mai yi wa Turawa zambo kan yadda suke siffanta Afirka. Duk wanda ya ga yadda baƙo kan ba da labarin Bobi ta ƙasar Kontagora, shanu da makiyaya kawai, kamar babu mai suna a garin, ya san inda zambon ya dosa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ɗan rubutun da ya fitar a Janairun 2014, jim kaɗan bayan Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya a Nijeriya. Ya kira shi babin da ya ɓata daga littafin tarihin rayuwarsa na 2011. A ciki ya kawo rasuwar mahaifiyarsa sau biyu. Na farko ƙage ne: yana gefen gadonta a asibiti, yana raɗa mata cewa maza yake so. Na biyu shi ne abin da ya auku: yana Afirka ta Kudu, bai iso ba, bai faɗa ba.

Mun san da yawa daga masu karatunmu ba za su aminta da jigon ba, saboda addini da al'ada. Sai dai ta fuskar zubi da tsari, ba mu ga yadda za a yaba zambon a tsallake wannan babi ba, domin wanda ya zargi baƙi da rage labarin Afirka shi ne ya dawo ya tuhumi littafinsa da irin laifin.