4.3 Sauyin Jigo a Waƙoƙin Yaƙin Neman Zaɓen Shugaban Ƙasa

Kamar yadda aka nuna a babi na uku, tun daga zaɓen 1979 tsarin mulkin Nijeriya ya gindaya wa ɗan takarar shugaban ƙasa sharaɗin samun aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Ke nan aikin mawaƙin jam'iyya shi ne ya jawo wanda bai shigo ba, don haka tallar manufa da yabon ɗan takara suka zama manyan tubalan ginin jigonsa. Zaɓen 1993 ya nuna cewa mai ƙuri'a yana jawuwa, domin alƙaluman da suka fito sun nuna M.K.O. Abiola na SDP ya kayar da Bashir Tofa na NRC a jihar Kano, mahaifar Tofan, ko da yake daga baya an soke zaɓen.

Al'amarin ya canza a fili a zaɓen 2011, inda Muhammadu Buhari na CPC ya ci jihohi 12, dukkansu a Arewa, kuma tarzoma ta biyo bayan sakamakon. Fargabar maimaituwar haka ce ta sa 'yan takara suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja cikin Janairun 2015. A wannan kakar ce waƙar Dauda Kahutu Rarara, "Masu Gudu Su Gudu", ta game gari. Sunan waƙar kansa abin lura ne: ba kira ba ne ga abokin hamayya ya shigo, gargaɗi ne gare shi ya nemi mafaka. Ta fuskar salo habaicin ya yi armashi, domin bai kama suna ba, amma kowa ya gane inda aka dosa. Sai dai irin wannan jigo yana zuga wanda ya riga ya yarda ne, ba ya lallashin mai shakka.

Ba a nufin zambo baƙo ne a waƙar siyasa. Mawaƙan NEPU da na NPC sun yi wa juna zambo mai zafi a shekarun 1950, amma gardamarsu ta fi karkata ga matsayin talaka da ikon sarakuna. Bambancin shi ne, daga baya layin rabuwa ya koma kan yanki da addini, abubuwan da ba a sauya su da hujja.

Hanyar sadarwa ma ta taimaka. Wanda ya sayi kaset yakan saurari waƙa daga buɗewa zuwa rufewa. A WhatsApp da TikTok kuwa, baitin zambo ake gutsurowa a yaɗa, a bar na manufa. Mawaƙi ya san wanda ke tafiya, sai ya ƙara masa gishiri.

Wannan bincike bai ɗora wa mawaƙa laifin rabuwar kai ba, domin da ma sun tarar da ita. Amma a zaɓen 2023 Bola Tinubu ya ci da ƙasa da kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, kuma masu rajistar da suka fito ba su kai kashi 30 ba. Waƙar da ke magana da 'yan gida kaɗai ba ta da abin ce wa wannan rinjaye da ya zauna a gida. Sashe na gaba zai duba salon waƙoƙin.