Cinikin Biri a Sama: Suna da Gaskiya a Abincin Gaggawa

Hausawa na cewa suna linzami ne. Ma'anar maganar ita ce suna yana jan mai shi zuwa ga halin da ya dace da shi, kamar yadda linzami ke jan doki. A kasuwar abincin gaggawa ta Turai da Amurka kuwa, linzamin ya tsinke. Ana rubuta "kaza" ko "kifi" ko "burodi" a allon talla, amma mai saye ba shi da hanyar tabbatar da cewa abin da aka danƙa masa ya amsa wannan suna. Wannan maƙala za ta dubi shakkun da ya dabaibaye sanwici, wato burodin da ake tsagawa a cusa masa nama ko kifi da ganye. Hujjarta ita ce shakkun yana da tushe, ko da yake ba kowane zargi ne ya tabbata ba.

Misalin da ya fi kowanne ƙarfi ya fito ne daga kotu. A watan Satumba na 2020, Kotun Ƙolin ƙasar Ailan ta yanke hukunci a ƙarar da wani mai riƙe da reshen Subway ya shigar, yana neman a ɗauke masa haraji bisa hujjar cewa burodi abinci ne na yau da kullum. Dokar harajin ƙasar ta 1972 ta tanadi cewa sukarin da ke cikin burodi kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin fulawa. Na kamfanin ya kai kashi 10. Saboda haka kotu ta ce, a idon wannan doka, abin ba burodi ba ne. A nan babu wanda ya zuba guba, babu kuma wanda ya yi algus a ɓoye. Kalmar ce kawai aka miƙe ta har ta rufe abin da ba nata ba. Ɗalibin adabi ya san wannan dabara sarai, domin ita ce ta maroƙi mai kiran ɗan ƙaramin attajiri da giwa. Bambancin shi ne mai sauraron maroƙi ya san kambamawa ake yi, mai sayen sanwici kuwa yana ɗaukar maganar a zahirinta.

Abin da ya auku a 2013 ya fi wannan muni. A watan Janairu na shekarar, hukumar kula da lafiyar abinci ta Ailan ta gwada nau'o'i 27 na niƙaƙƙen naman da ake sayarwa da sunan naman shanu. Ta sami ƙwayoyin halittar doki a guda 10, na alade a guda 23. Yawancinsu ɓurɓushi ne kaɗan, amma a wani da kantunan Tesco ke sayarwa, naman doki ya kai kashi 29 cikin 100. Kamfanin Burger King ya yanke hulɗa da masana'antar Silvercrest wadda ke ba shi nama. Da bincike ya faɗaɗa, sai aka gano wani naman dokin da aka yanka a Romaniya, ya bi ta hannun dillalai a ƙasashe daban-daban, ya isa Faransa, ya fito da sunan naman sa. A daidai wannan lokaci aka sami ƙwayoyin halittar alade a wani abinci mai tambarin halal da ake kai wa gidajen yari a Birtaniya. Ga wanda addininsa ya haramta masa alade, wannan ya wuce batun kuɗi ko ɗanɗano. An ci amanarsa ne a wurin da ba shi da ikon kare kansa.

Me ya sa hakan ke yiwuwa? Amsar tana cikin siffar abincin kansa. Wanda ya je wurin mahauci yana ganin cinya, yana ganin haƙarƙari, yana iya juya tsoka ya duba. Gani ya kori ji. Naman sanwici kuwa an niƙe shi, an cakuɗa shi da gishiri da sitaci da kayan ƙamshi, an matse shi a injin, an daskarar, an yi masa tafiyar dubban kilomita, sannan aka lulluɓe shi da miya tsakanin ɓari biyu na burodi. Duk alamar da ido ko harshe zai iya kamawa an shafe ta. Yaron da ke haɗa sanwicin a bayan kanta shi ma bai san komai ba, leda ya buɗe. Wannan shi ne cinikin biri a sama: mai saye ya biya, amma hujjarsa ɗaya ce, wato maganar mai sayarwa.

Sai dai adalci ya wajabta a dubi ɗaya ɓangaren, domin zato zunubi ne. A farkon 2021 an shigar da ƙara a Kalifoniya ana zargin cewa kifin tuna na Subway ba tuna ba ne. A watan Yuni na shekarar jaridar New York Times ta kai samfur ɗakin gwaji, ba a kuma iya gano ƙwayoyin halittar tuna a cikinsa ba. Labarin ya zagaye duniya kamar wutar daji. Abin da mutane da yawa suka tsallake shi ne bayanin da ke cikin rahoton kansa, cewa dafuwa tana lalata ƙwayoyin halitta har a kasa karanta su. Kamfanin ya musanta zargin, wani gwajin da wata tashar talabijin ta sa aka yi ya sami tuna, kuma a 2023 aka rufe shari'ar bayan mai ƙarar ta nemi janyewa. Haka nan a 2017 tashar CBC ta Kanada ta ba da rahoton cewa kusan rabin ƙwayoyin halittar da ke cikin kazar kamfanin na waken soya ne. Kamfanin ya ƙaryata, ya ce nasa gwajin bai sami fiye da kashi 1 ba, ya kuma maka tashar a kotu. Ko a nan akwai abin lura, domin yawan ƙwayoyin halitta daban yake da nauyin nama. Mai yaɗa zargi ba tare da wannan bayani ba ya aikata laifin da yake tuhumar kamfani da shi: ya yi amfani da kalma fiye da abin da hujjarsa ta ɗauka.

To, me ya sa jama'a suka yi saurin gaskata zargin da bai tabbata ba? Domin ruwa ba ya tsami banza. A 2002 McDonald's ya amince ya biya dala miliyan 10, ya kuma nemi afuwar mabiya addinin Hindu da masu ƙaurace wa nama, bayan ya bayyana cewa dankalin da yake tallatawa da cewa da man ganye ake soya shi yana ɗauke da ɗanɗanon da aka samo daga naman shanu. Wanda aka taɓa yaudara da magana mai harshen damo ba zai ƙara karɓar rantsuwa cikin sauƙi ba. Kamfanonin su ne suka shuka shakkun da yanzu suke kuka da shi.

Adabi ya taɓa shiga wannan fage da ƙarfinsa. A 1906 marubucin Amurka Upton Sinclair ya fitar da ƙagaggen labarinsa The Jungle a kan mayankan birnin Shikago. Manufarsa ita ce bayyana wahalar ma'aikata baƙin haure, amma ƙazantar naman ce ta tayar da hankalin masu karatu, kuma a shekarar majalisar ƙasar ta zartar da dokar duba nama da ta tsabtar abinci da magunguna. Darasin shi ne kasuwa ba ta gyara kanta don kunya. Tana gyaruwa ne idan an sami mai duba, mai faɗa, da hukuma mai hukunci. Dokin Ailan ma gwajin hukuma ne ya tona shi, ba harshen mai ci ba.

Saboda haka abin da ya kamata a nema a fili yake: a rubuta kason kowane sinadari a inda mai saye zai gani, a bar hukuma mai zaman kanta ta yi gwaji ba tare da sanarwa ba, a kuma wallafa sakamakon ko da ya wanke kamfani. Masu rubutu su ma da nasu nauyin, wato su karanta allon talla da irin tsanakin da suke karanta waƙa, su kuma auna zargi da ma'aunin da suka auna talla. Tsakanin mai dafawa da mai ci akwai alƙawari, kalma ɗaya ce kuma ke ɗauke da shi. Kyan alƙawari cikawa.