Mai Shara a Kwalejin Mata: Nazarin Gaudy Night

Yawancin ƙagaggun labaran da aka gina kan kwalejojin Oxford ta Ingila ba ruwansu da karatu. A Brideshead Revisited na Evelyn Waugh (1945) da wuya mu ga ɗalibi ya buɗe littafi, sai liyafa da giya. Gaudy Night na Dorothy L. Sayers, wanda ya fito a 1935, ya sha bamban. Sayers ta yi karatu a Kwalejin Somerville, tana kuma cikin matan farko da jami'ar ta ba digiri a 1920, shi ya sa kwalejin mata da ta ƙirƙira, Shrewsbury, take cike da aiki: ɗalibai na fama da jarrabawa, wata malama ta daɗe tana gyaran littafinta da ya ƙi ƙarewa.

Harriet Vane ta koma taron tsofaffin ɗalibai, daga baya aka kira ta binciken wasiƙun cin mutunci marasa suna. Wanda bai karanta ba ya dakata nan, don za mu tona. Tushen fitinar wani manazarcin tarihi ne da ya tarar da takardar da ta rushe hujjar kundinsa, sai ya ɓoye ta. Malama de Vine ta fallasa shi, ya rasa makomarsa, ƙarshe ya kashe kansa. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan jarabar: gwaji ɗaya ya ƙi wucewa, hannu na ƙaiƙayin goge shi. Muna tare da de Vine.

Inda muke ja da Sayers shi ne Annie, matar mamacin, wadda ta shiga kwalejin aikin shara da kai abinci don ta ciyar da 'ya'yanta biyu. Ita ke rubuta wasiƙun. Malamai suna da shafuffuka masu yawa na muhawara kan gaskiya da aure. Annie kuwa sai dab da ƙarshe aka bar ta ta amayar da cikinta, nan ma cikin zagi da tsinuwa, yadda mai karatu zai saurin sallamarta a matsayin mai taɓin hankali. Alhali tambayarta na da nauyi: wa ya tuna da iyalin mutumin bayan an tsare mutuncin ilimi? De Vine ta yarda ya kamata ta bi sawunsa, amma labarin bai tsaya nan ba, ya garzaya wajen baikon Harriet da Peter Wimsey.