Shirwa a Cikin Hazo

Wani abokina mai ɗaukar hoton biki ya ce mini bin tsuntsu da kyamara aikin wanda ya ƙoshi ne, kuma wai hunturu ba lokacin hoto ba ne, hazo na cinye launi. Maganar farko ba ta kai a tsaya a kanta ba. Ta biyun ce ta dame ni, don har waɗanda suka iya aikin suna faɗinta.

Ɗaukar hoton tsuntsu ba sabon abu ba ne. Tun 1884 Bajamushe Ottomar Anschütz ya ɗauki hoton wasu dangin shamuwa suna cikin tashi. Mu kuwa kyamararmu ta tsaya a biki da hawan Sallah, ba ta ɗaga kai sama ba. Alhali da hunturu ne wasu shahuna ke ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a gonakinmu.

Dabarar da na fi so tana cikin iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tsuntsu kuwa iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka. To da hantsi ka ba gabas baya: rana na bayanka, iska na bayanka, shirwa ta taho maka ƙirji a buɗe. Nemi gonar da aka cinna wa wuta bayan girbi, inda fara ke tsalle daga harshen wuta, shirwa na shawagi a kan hayaƙi. Sa saurin ɗauka a kashi 1 cikin 2000 na daƙiƙa, ka ƙara haske, don farin sama na ruɗin kyamara ta mayar da tsuntsu baƙar inuwa. Bi ta da ƙugunka, kar da wuyan hannu. Sannan ka bar kallon fukafukai, kalli wutsiyar nan mai baki biyu. Sai ta murɗa ta kafin ta kawo sura, nan ne za ka danna. Duk yaron da ya taɓa gadin 'yan tsaki ya san wannan murɗawar.

Masu son shuɗin sama, su riƙe abinsu. Hazo na shafe turakun lantarki da wayoyi, busasshiyar ƙasa kuma ta mayar da haske ƙarƙashin fiffike, har ka iya ƙirga gashin.

Sai dai a nan garin Yargoje yau wa zai shiga daji da doguwar kyamara? Tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, har harin da aka kai wa Yargoje kanta a Yunin 2024, daga nan zuwa Faskari da Sabuwa, mai irin wannan kaya sai a ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Wannan na ci mini rai.

Saura cikin gari, kuma can ne aikin ya fi nauyi. A 2015 hukumar IUCN ta sa ungulu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Muna yara ba a yanka a mahauta ba ta sauka ba, yanzu an fi ganin busasshen kanta a shimfiɗar masu magani. Hotonta tana jewa, da kwanan wata da sunan gari, shaida ce ta inda ta saura. Ni ranar kasuwa nake zuwa, in tsaya gabas da mahauta tun kafin a fara fiɗa.